Tayi na Uku

Fintan Conneely yana da shekara ashirin da shida lokacin da ya shirya wannan yawon na ƙarshen mako, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce hutu ne kawai. Kwana biyu a Galway da ke yammacin ƙasar, ranar Lahadi a ɗauki hayar mota a bi gaɓar teku a sha iska, da yamma a hau jirgin ƙasa a koma Dublin. Haka ya faɗa wa abokin aikinsa Lorcan, haka ya rubuta wa yayarsa Dervla. Ƙarya yake yi. Gida yake so ya koma, wurin ubansa, kuma so yake uban ya roƙe shi ya zauna kafin ranar Litinin.

A Rinbeg aka haife shi, ƙauyenmu mai gida goma sha tara, inda kwalta take ƙarewa teku ta karɓa. Ubansa Malachy masunci ne, ƙaguwa yake kamawa da tarkuna, a wani ƙaramin jirgi shuɗi mai injin da sai ya yi tari uku kafin ya tashi. Uwarsa Attracta, Allah ya jiƙanta, ita ce bakin gidan. Malachy yana iya wuni bai haɗa kalma ashirin ba, ita kuwa ko buta ta ɗora a wuta sai ta yi mata hira.

A wajenmu ba a karɓar abu a tayin farko. Wanda aka ce masa ga shayi ya miƙo hannu nan take, to ba a koya masa komai ba a gidansu. Cewa za ka yi yanzu ka sha. A sake yi maka tayi, ka ce kada a wahala. Sai a na uku za ka ce to, tunda an matsa, a zuba rabin kofi. Mai gida kuma in ya tsaya a na biyu, ya gaya maka ke nan cewa tun farko bakinsa ne kawai ya yi tayin. Ba shayi kaɗai ba. Kujera, rage hanya a mota, aron tsani, har shiri bayan faɗa, duk haka ake bi da su. Wauta ce, na yarda, amma da ita aka raine mu. Attracta ma ba ta tsayawa a uku, tana kaiwa biyar, har mai raba wasiƙu ya koma ajiye nata a kan katanga ya gudu don kada cikinsa ya fashe.

Ta rasu Fintan yana shekara sha biyar. Dervla ta riga ta tafi Galway, inda take aiki a gidan kula da tsofaffi, sai gidan ya rage maza biyu da tukunyar dankali ɗaya. Fintan ya bar makaranta yana sha bakwai ya shiga jirgi, kuma kowa ya shaida yana da hannu. Ya san inda kowane dutse yake ɓoye a ƙarƙashin ruwa, yana duban gajimare ya ce yau a dawo da wuri. Amma sa'o'insa duk sun watse, wasu Dublin, wasu Sydney, kullum wayarsa cike da hotunansu suna dariya a wuraren da rana take fitowa. Shi kuwa ko ya yi wanka sau biyu, in ya shiga bas sai ya ga mutane suna ɗan matsawa.

Da ya ce zai tafi, Malachy mara magana ya buɗe baki. Wata uku yana roƙonsa, safe da yamma, a kan ruwa da a kan tudu, har abin ya koma mita. Ranar da abin ya ishi yaron suna maɗaurar jirage ne, ga maƙwabcinsu Festy Mulkerrin da wasu mutum huɗu suna sauke kaya. Fintan ya jefar da igiyar hannunsa ya ce, kowa yana ji, "Ko sau ɗari za ka roƙe ni, ba zan ƙare rayuwata ina ƙarnin kifi irinka ba."

Malachy ya sunkuya ya ɗauki igiyar, ya naɗe ta tsaf, ya ce masa Allah ya kiyaye hanya. Bai ƙara tayar da zancen ba.

Dublin ba ta yi da shi yadda hotuna suka nuna ba. Aikin da ya samu a wani sito ne a bayan gari, inda kwalaye suke zuwa a kan bel yana duba lambarsu yana tura su hagu ko dama, daga shida na safe zuwa biyu na rana. Shekara huɗu bai ga abin da ke cikin kwali ko ɗaya ba. Ɗakinsa a saman wani shagon wanki yake, tagarsa tana kallon bangon maƙwabta. Sau biyu suka haɗu da ubansa a duk tsawon lokacin, a gidan Dervla ranar Kirsimeti, suka yi hirar ruwan sama da ƙwallo kamar mutum biyu da suka haɗu a layin asibiti. Rinbeg kuwa bai taka ba.

A watan Afrilu abu biyu suka same shi a mako guda. Mai gidan da yake haya ya ce 'yarsa za ta dawo, yana bukatar ɗakin a ƙarshen wata. Sannan saƙon Dervla ya shigo: kafaɗar Baba ta ƙi, ba ya iya jawo tarko, zai sallama wa Festy jirgin da lasisinsa ranar Litinin ta farko a watan Mayu. Lasisin nan in ya bar gida ba ya dawowa, Fintan ya fi kowa sani. A banɗakin sito ya karanta saƙon, ya zauna a kan murfin masai ya yi kukan da bai yi ba tun ranar jana'izar uwarsa. A nan ya yarda da abin da ya daɗe yana ƙaryata kansa a kai, cewa ba shi da wani abu a duniya da ya iya ko yake so in ba jirgin nan ba.

Wani zai ce ya ɗauki waya mana ya gaya wa tsohon. Wanda ya faɗi haka bai san mu ba. Mutumin da ya yi wancan furuci na maɗaura a gaban mutum biyar ba ya dawowa ya ce a ba shi igiya. Sai dai a roƙe shi, ya ƙi, a sake, ya ƙi, a na uku ya bari a rinjaye shi, kowa ya fita da mutuncinsa. Abin da yake bukata kawai shi ne ya tsaya a gaban ubansa kamar wanda hanya ta biyo da shi. Shi ya sa ya ƙirƙiro hutun, kuma shi ya sa ya ja Lorcan, don mutum ɗaya a mota ba ya kama da mai yawon shan iska.

Lorcan ɗan Dublin ne gaba da baya, mai surutu, mai kirki, wanda duk wata biyu sai ya tsallaka Lisbon ko Krakow da 'yar jakar goyo ya dawo da labarin da rabinsa ƙari ne. Ranar Juma'a a tashar jirgin ƙasa ya ga Fintan yana jan wata ƙatuwar jaka, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai ɗan ƙauye, kwana biyu fa za mu yi, ba ƙaura ba. Har da tukwane ka zubo?"

Fintan ya ce yammacin ƙasar ba a yarda da yanayinsa, sai da kayan sanyi. Duk abin da ya mallaka ne a cikin jakar, har da cokalinsa.

Galway ta tarbe su da yayyafi. Suka sauka a wani masauki mai gado shida a ɗaki ɗaya, suka fita Lorcan yana gaba da waya a hannu yana karanto wuraren da ya kamata a gani. Ranar Asabar suka zaga kasuwar da ke ci a gefen tsohon coci, suka tsaya wurin masu kiɗa a titi, suka ci kifi da soyayyen dankali a tsaye a bakin kogi, tsuntsayen teku suna shawagi a kansu suna jiran wanda zai yi sakaci. Lorcan ya yi hoto ya kai ɗari. Fintan yana cikin wasu daga ciki yana murmushi, amma in ka tambaye shi abin da ya gani a garin ba zai iya faɗa maka ba. Yana ta bitar maganar gobe ne a ransa, abin da tsohon zai ce, da abin da shi zai amsa.

Da rana ya zame ya sami Dervla a lokacin hutunta na cin abinci, a wani ɗan shagon shayi kusa da wurin aikinta. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya rame. Ta tambaye shi ko za su bi ta Rinbeg, ya ce in hanya ta biya da su.

"Auta, hanyar nan wuri ɗaya take zuwa. Daga Rinbeg sai kifi."

Ya yi dariyar yaƙe. Ta ce za ta kira Baba ta sanar da shi don kada ya gan su kwatsam, ya ce kada ta wahala, ta yi kamar ba ta ji ba. Sai ta tambayi aiki. A nan ne ya kamata ya sauke kayan da ke kansa, don Dervla ba mai yi masa dariya ba ce, ita ta ɗaure masa igiyar takalmi har ya shiga aji uku. Maganar ta zo har bakinsa. Amma ya ga gajiyar da ke fuskarta, ya tuna yadda take yabonsa a gaban abokan aikinta, ƙanenta na Dublin, sai ya ji kansa yana cewa komai lafiya, har ma ana zancen za a ƙara masa girma kafin damina ta fita. Fuskarta ta washe. Ta matse hannunsa ta ce ta san zai yi wani abu, Mama da ta ji daɗi.

Ranar Lahadi suka karɓi motar da ƙarfe tara, wata 'yar ja mai warin sabon roba, da sharaɗin a dawo da ita kafin shida na yamma. Ranar ta yi kyau, abin haushi. Teku tana hagu tana ƙyalli, katangun dutse suna dama, tumaki masu shuɗin fenti a gadon baya suna tsallaka titi yadda suka ga dama. Duk kwanar da suka sha sai Lorcan ya ce a tsaya. Sun tsaya a wani rairayi fari, Lorcan ya naɗe wando ya tsoma ƙafa a ruwa ya fito da gudu yana zagin kakannin duk wanda ya ce ana wanka a nan. Sun tsaya sayen burodi da cuku a wani shago, sun tsaya don wani jaki ya leƙo ta kan katanga. Fintan yana duban agogo yana jin haushin ɓata lokacin, amma duk tsayawar da aka yi sai ya ji sanyi a ransa, har shi da kansa ya nuna wata tsohuwar hasumiya ya ce ya kamata a hau. Tsoro yake ji. Ƙarfe uku ta gota kafin su shiga Rinbeg, kuma komawa Galway awa biyu ce.

Da suka wuce maɗaurar jirage Fintan ya rage gudu. Jirgin yana nan, an yi masa sabon fenti, tarkuna a jere a kan siminti an wanke su. Malachy ba zai miƙa wa mutum abu da datti ba. Fintan ya kau da kai.

Tsohon yana tsaye a ƙofar gida, sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci ko da yake an tashi tun sha ɗaya, ya aske gemu har ya yanke kansa a haɓa. Ya ƙanƙance. Kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu.

"Kai ne," in ji shi.

"Ni ne, Baba. Wucewa muke yi."

Malachy ya dubi titin da ya ƙare taku hamsin a gabansu. Lorcan ya miƙa hannu yana Mista Conneely kaza, Mista Conneely kaza, tsohon ya ce Malachy ake ce masa, su shigo daga iska.

Kicin ɗin yana nan yadda yake, sai dai an goge shi. Kofi uku ne a kan tebur, da burodi a yanke, da bota, da dafaffen naman alade wanda mutum ɗaya ba zai dafa wa kansa ba. Malachy ya ɗauko butar shayi ya tambaya ko za su sha.

"Kamar ka sani," in ji Lorcan, ya riga ya tura kofinsa gaba. "Maƙogwarona ya bushe tun ɗazu."

Fintan ya ji kunya ta kama shi a madadin abokinsa. Da aka juyo kansa ya ce a'a, sun sha a hanya. Malachy ya ce ko rabin kofi. Fintan ya ce kada ya wahala. Tsohon ya tsaya da butar a hannu, bakinta a karkace a kan kofin, ya dubi ɗansa, leɓensa ya motsa. Sai ya mayar da butar kan murhu ya zauna.

Tunda aka haifi Fintan bai taɓa zama a teburin nan babu shayi a gabansa ba. Ko mai karanta mitar lantarki ba a yi masa haka a gidan Attracta. Ya dubi busasshen kofin ya ji kamar an tura shi waje an rufe ƙofa, ya ce a ransa ashe tsohon bai huce ba. Naman ma haka aka yi. An yi tayi sau biyu, ya ƙi sau biyu, Lorcan ya cinye yanka huɗu yana yabawa.

Lorcan ne ya cinye awar ma. Yana tambayar yadda ƙaguwa take shiga tarko ta kasa fita, ko tana cizo, ko Malachy ya taɓa ganin kifin da ya fi jirginsa girma. Tsohon yana amsawa da haƙuri, idonsa yana zamewa zuwa ɗaya gefen teburin. Sai da ƙarfe huɗu ta kusa Lorcan ya fita ɗaukar hoton tumaki, aka bar su su biyu da ƙarar agogon bango.

Malachy ya share ɓurɓushin burodi da gefen hannu ya tara wuri ɗaya. Ya ce ɗakin Fintan yana nan, an shanya bargo jiya da aka sami rana, yana iya kwana abokin ya mayar da motar. Fintan ya dubi kofinsa. Ya ce ba zai yiwu ba, da sunansa aka ɗauki motar. Ya zaɓi uzurin ne da gangan, mara ƙwari, wanda ko yaro zai ture da yatsa. Malachy ya gyaɗa kai. Kafin wani ya ƙara magana Lorcan ya leƙo yana nuna agogo.

A bakin katanga tsohon ya bi su. Lorcan ya shiga ya ɗaura bel yana duba hotunansa. Fintan ya zauna ya sauke gilashi, bai tayar da injin ba. Malachy ya dafa ƙofar motar da hannun da ke da lafiya, ya sunkuyo.

"Gobe da safe Festy zai zo da takardun. Kafaɗar nan ce. Da akwai wani hannu a gidan, da ba a kai ga haka ba." Ya dubi ɗansa. "Ba za ka tsaya ba, Fintan?"

Rabon da ya ji sunansa a bakin nan tun kafin ya tafi. Idonsa ya kawo ruwa, ya dubi sitiyari.

"Ai ka san sha'anin aiki, Baba. Suna jirana gobe."

Ya faɗe ta a hankali, yadda ake faɗin ta biyu, da ƙofa a buɗe. Amsar ta uku tana kan harshensa, ya yi mako uku yana gyara ta: to, tunda ka matsa, bari in ga yadda makon zai kasance. Yatsansa yana kan maɓallin buɗe but ɗin bayan mota, inda jakar take. Ya jira. Iska tana kaɗa gefen kwat ɗin tsohon. Muƙamuƙinsa yana motsi kamar mai tauna abu mai tauri, yatsunsa sun yi fari a kan ƙofar. Fintan bai san tsawon lokacin ba, amma har Lorcan ya ɗago kai daga waya.

"Dervla ta ce za a ƙara maka girma," in ji Malachy.

"Haka suke cewa."

"Madalla." Ya miƙe, ya bubbuga rufin motar da tafin hannu. "Ku bi a hankali a kwanar gada, tumakin Festy suna kwanciya a kan kwalta."

Fintan ya tayar da mota. Bai dubi madubi ba sai da suka hau tudu, a lokacin kuma gidan ya ɓace a bayan duwatsu.

Sun yi tafiyar kusan rabin awa. Can Lorcan ya ce tsohon nan mutumin kirki ne, kuma ko makaho ya ga so yake Fintan ya zauna. Ya ce in don motar ce shi zai mayar, wa zai duba.

"Sau biyu ya tambaya," in ji Fintan.

"To, sai me? Ni ubana ko sau ɗaya bai taɓa tambayata ba."

"Ba za ka gane ba."

"Ku mutanen yamma akwai abin da ke damunku, mutumina. Juya motar nan."

Bai juya ba. Ya san abin da ya gani, ko kuma yana zaton ya sani: kofi a bushe, tayi biyu, da bugun rufin mota. An yi masa abin da ake yi wa baƙon da ake so ya tafi ba tare da an ci masa fuska ba. Baƙin ciki ya cika shi har ba ya ganin titi sosai, ga kuma teku a dama yanzu, rana tana sauka a kanta, kyakkyawa kamar ba abin da ya faru. Suka mayar da motar saura minti goma ƙarfe shida ta cika. A jirgin ƙasa Lorcan ya saka hotunan a waya, mutane suka yi ta cewa sun more.

Ranar Litinin Festy ya karɓi jirgin. Fintan ya yi mako uku a kan doguwar kujerar ɗakin Lorcan, ya nemi ɗaki a Dublin har takalminsa ya gaji, bai samu ba. Wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ya ce akwai aikin sito a Ingila, kusa da Birmingham, da wurin kwana. Ya tafi. Kwalayen can da na Dublin ba su da bambanci, sai dai daga can teku ta fi nisa ta kowace fuska.

Malachy kuwa bai jure zaman tudu ba. Da farko yana sauka maɗaura kullum ya kama wa Festy igiyar jirgin da ya yi shekara talatin yana nasa, daga baya ya daina. Ya fara mance tukunya a wuta. A watan Oktoba ya faɗi a bakin ƙofa ya wuni a ƙasa kafin a gan shi, Dervla ta zo ta ɗauke shi zuwa ɗan ɗakin da ke bayan kicin ɗinta a Galway. Gidan Rinbeg aka bai wa masu kula da gidajen 'yan hutu. Yanzu makullinsa yana cikin wani ɗan akwati mai lambobi a jikin bango, duk ƙarshen mako da baƙin da ke kwana a ɗakin Fintan.

A watan Nuwamba Dervla ta kira shi, ya fita bakin ƙofar da manyan motoci suke lodi don ya ji ta. Tana so ta san yadda za ta yi da littattafansa na makaranta da ta kwaso. Ya ce ta zubar. Ta ce Baba yana nan, yana zama a taga yana duban gajimare yana gaya mata ko yau ranar fita ce. Sai ta yi ajiyar zuciya ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya masa ba. Ranar Asabar ɗin nan da ta kira tsohon ta ce Fintan zai biyo, ko awa ba a yi ba ya sa Festy ya kai shi gari a mota, ya sayo wa Fintan takalman roba da rigar ruwa sababbi, ya ce wa Festy kada ya sa rai da jirgin tukuna. Festy ne ya tsegunta mata, ita kuwa hankalinta ya tashi, ta sake kiran Baba.

"Na ja masa kunne sosai. Na ce Baba, yaron nan ya samu wuri, za a ƙara masa girma, kada ka ja shi baya. Nacin da ka yi wancan karon shi ya kore shi. In ka tambaya ya ce a'a, ka ƙyale shi. Sai da na sa ya rantse da kabarin Mama cewa ko a kan shayi ba zai matsa maka ba."

Wata babbar mota tana ja da baya tana ƙara. Fintan ya toshe ɗaya kunnen, ya jingina da bango.

"Ya ce min bai taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba," in ji Dervla. "Amma ka ga kun rabu lafiya. Da ya matsa, da yanzu ko gaisawa ba kwa yi. Na yi daidai, ko, Auta?"

Tana wanke tsofaffin wasu da rana, ta dawo ta wanke nata da yamma. Ba shi da zuciyar da zai ɗora mata wannan kuma.

"Kin yi daidai," ya ce.

Ya tambaye ta ina takalman suke. Ta ce ai tun a makon Baba ya mayar da su, ya ce wa mai shagon yaron ya gwada, sun yi masa kaɗan.